Barkono da Labarin da Ya Ƙi Goguwa

Tun tana 'yar mitsitsiya aka laƙaba mata Barkono. Yayar babanta, wadda kowa a gidan ke kira Gwaggo, ita ta raɗa mata, ranar da wata 'yar maƙwabta ta tsinka mata igiyar takalmi da gangan. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba, ta riƙo takalminta a hannu ta dawo gida. Sai da zancen ya bi iska, har sun koma wasa tare, sannan aka wayi gari takalman 'yar maƙwabtan suna kan rufin kwano, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Wannan ai barkono ce. Sai ka haɗiye ka sha ruwa, sannan ka san ka ci."

Mahaifiyarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe, don haka a bayan Gwaggo ta girma, kamar yadda babanta ma a bayan Gwaggon ya girma, don shi ne autansu. Baban mai gyaran keken ɗinki ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a layin teloli, kullum yana ƙamshin man keke, kawunan kekuna jere a kan kanta, gwangwanayen madara cike da noti da allurai. A nan Barkono take yini idan an tashi daga makaranta. Abu ɗaya baban ya yi ta nanata mata: kada ta kwance keke sai ta fara taka shi ta ji irin kukan da yake yi.

Da ta girma ba ta bi kekuna ba, kwamfuta ta karanta. Ta samu aiki a wata 'yar jarida da ba ta buga takarda, a intanet kawai take fita. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani kantin tayoyi, fanka ɗaya, taga ɗaya. Mai jaridar, wanda shi ne kuma editanta, ƙaton mutum ne mai muryar ganga, tabarau kullum a goshi. Ba shi da buri a duniya da ya wuce a ce shi ya riga kowa fitar da labari. Barkono ce ta rubuta kod ɗin, wato jerin umarnin kwamfuta, da ke haɗa shafukan jaridar a kan saba, wato babbar kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Ta yi masa 'yar ma'ajiya, inda ake ajiye kwafin kowane labari na ɗan lokaci, don kada sabar ta riƙa ƙera shafi ɗaya sau dubu. Ta kuma yi wa Edita madanni guda, in ya gyara labari ya danna, tsohon kwafin ya tafi.

Shekaru ta yi a wurin. A nan ta yi aure, ta auri wani malamin lissafi mai sanyin hali. Ta tafi hutun haihuwar fari, ranar da ta dawo sai ta tarar an ɗora firinta a kan teburinta. Edita bai ko sauke tabaransa ba, ya ce ya miƙa shafin ga wani kamfani na can nesa, masu manyan kaya.

"Kin san saba ba ta san goyo ba," in ji shi. "In ta faɗi, ba za ta jira ki gama shayarwa ba."

Barkono ta ce, "Haka ne, Yallaɓai." Ta ɗauki kofinta da ɗan matashin da take jingina da shi, ta sauko daga benen. Mijinta ya ce shi fa wannan "haka ne" ta fi ba shi tsoro a kan da a ce zagi ta yi. Ta koma tana yi wa masu kantuna shafuka daga falonta, jariri a cinya, kwamfuta a kan teburin guga. A lokacin Gwaggo ta tsufa, ta koma wani gari wurin babban ɗanta.

Ana nan sai wani mai gyaran keken ɗinki na wata unguwa ya rasu a hatsarin mota. Wakilin jaridar ya aiko da labari ba hoto. Edita na sauri kada a riga shi, ya laluba cikin tsofaffin hotuna, ya ga wani dattijo riƙe da kan keke, ya manna. Hoton baban Barkono ne, wanda aka ɗauka wata shekara da jaridar ta yi rahoto a kan layin teloli. Edita har ya ƙara sunan layin da hannunsa, don labarin ya cika.

Da hantsi Baba na zaune yana ɗiga wa wani keke mai, sai ga wani tela ya shigo a guje, ido jawur. Yana ganinsa ya ja da baya har ya ture gwangwanin allurai.

"Baba mai keke! Ba ka mutu ba?"

Baba ya karɓi wayar, ya nisantar da ita daga idonsa, ya karanta a hankali. Ya ce, "To, ni dai ba a sanar da ni ba."

Layin ya kwashe da dariya. Amma dariyar ba ta kai azahar ba. A can garin, wata maƙwabciya ta shiga gida da salati, ta miƙa wa Gwaggo waya. Tsohuwa mai hawan jini ta ga hoton autansu, ta yunƙura za ta miƙe, ta faɗi. Kafin a kai ta asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Daga barandar asibitin Barkono ta kira Edita. Ya ce, "Ai mun cire tun ɗazu. Kuskure ne, aikin jarida ya gaji haka. Tunda dattijon na raye, sai a gode wa Allah." Ta gaya masa halin da Gwaggo ke ciki. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ana kiransa a ɗaya layin. Kalmar haƙuri ba ta fito daga bakinsa ba. Barkono ta koma ɗaki ta goge wa Gwaggo yawun da ke zuba a gefen bakinta.

Sai dai labarin da aka ce an cire bai ciru ba. Mako ya zagayo, mutane na ta zuwa layin teloli yin gaisuwa, su tarar da mamacin yana ɗaure noti. Masu kawo gyara daga ƙauyuka suka karkata wurin wani. Har wani ya je wurin mai shagon yana tambaya ko za a ba shi haya, tunda mai ciki ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya fi ci wa Barkono rai shi ne abin da ya faru a asibiti. Da ƙyar Baba ya zauna a bakin gado ya riƙe hannun yayarsa har ta yarda shi ne, hankalinta ya kwanta. Yana fita sayo magani, sai ga wata tsohuwar ƙawar Gwaggo ta shigo da kuka, tana cewa, "Ashe auta lokaci ya yi," tana nuna waya. Gwaggo ta shiga fizge-fizge, tana wani irin gurnani, sai da ma'aikatan jinya suka danne ta aka yi mata allura.

Shi kuwa Edita in ya buɗe kwamfutarsa ba ya ganin komai. Ya danna madannin nan har yatsansa ya gaji. Kamfanin na nesa, in an yi sa'a sun ɗauki waya, sai su ce mutane su share wayoyinsu. Da ƙungiyar teloli ta aiko masa da lauya, wasu masu ba shi talla kuma suka fara ja da baya, sai ya tuna hanyar gidan Barkono.

Ya zo da yamma, ya cika kujerar falon. Yau tabaran na hannu, yana ta juya shi.

"Injiniya, ke kika haifi shafin nan. Ba wanda ya san cikinsa kamar ke."

"Ai na ɗauka saba ba ta san goyo ba, Yallaɓai. Ga shi kuwa yanzu na biyu nake goyo."

Ya yi dariyar yaƙe. Ta bar shi ya yi ta zuba, sai da ya ƙare ta ce za ta duba, don Baba da Gwaggo, ba don shi ba. Amma da sharaɗi: zai rubuta ban haƙuri da sunansa, a sa hotonsa, a liƙa a saman kowane shafi na jaridar. Edita ya yi tsalle ya dire, ya ce jarida ba ta durƙusawa. Suka yi ta ja, daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma na yini ɗaya tak.

Ta ce, "Yini ɗaya zan sa."

Ba ofis ta fara zuwa ba, layin teloli ta nufa. Ta roƙi kowa aron wayarsa, ta baza su a kan teburin yanka na wani tela. Wadda ta nuna labarin ta tura dama, wadda ba ta nuna ba ta tura hagu. Baba ya tsaya a kanta, hannu a baya, yana leƙe.

"'Yar nan, a wannan fa? Na mutu ko ina nan?"

"A wannan ka mutu, Baba."

"Allah sarki. Wayar mai tsada ce kuwa."

Da fari ita ma ta zargi wayoyin, don waya takan riƙe tsohon shafi. Ta share guda uku tas, labarin ya dawo. Ta aika aka karɓo sabuwar waya fil daga mai sayarwa a bakin titi, wadda ba ta taɓa buɗe jaridar ba, aka tura mata adireshin, sai ga Baba a mace. Ke nan laifin ba na wayoyi ba ne. Ta yi zargin kamfanin layin waya, amma na dama da na hagu duk a cakuɗe suke. Ta zauna ta yi tagumi, kekuna na ta ƙara a kewayenta. Can ta tambayi wani tela yadda yake shiga labarin. Ya ce shi ai ba ya rubuta komai, a guruf ɗinsu na hira a waya aka turo, taɓawa kawai yake yi. Ta karɓi wayarsa ta rubuta adireshin da hannunta, shafi ya ce babu wannan labari. Ta koma guruf ta taɓa, ga hoton Baba. Waya ɗaya, amsa biyu.

Ta ƙura wa adireshin ido. Wanda ake turawa a guruf yana da 'yar jela a ƙarshe, wasu haruffa da lambobi da ke maƙalewa duk lokacin da wani ya danna alamar rabawa. Kowace rabawa da irin jelarta.

Washegari ta hau benen da ta yi rantsuwa ba za ta sake hawa ba. Firintar na nan a kan teburinta, ta sauke ta ƙasa ba tare da ta nemi izini ba. Ta aika wa saba adireshi mai jela, ta sa ido a kan kod ɗinta ta ga ko zai motsa. Ko gezau. Tambayar ba ta ma isowa wurinsa, wani ne ke tare ta a ƙofa yana ba da amsa. Nan ta gano abin da kamfanin ya yi. Sun girka wata babbar ma'ajiya a gaban tata, don kada saba ta faɗi ranar da mutane suka yi yawa, suka kuma umarce ta kada ta saurari wa'adin da kod ɗin Barkono ke ba kowane kwafi, ta riƙe abinta kawai. Ita kuma ma'ajiyar, duk adireshin da ya zo da sabuwar jela sai ta ɗauke shi wani shafi dabam, ta ajiye masa kwafinsa. Madannin Edita ya goge mai adireshi tsura, ya bar ɗaruruwan masu jela suna kwance lafiya.

Ta kwashe su duka. Ta koya wa ma'ajiyar ta riƙa yanke jela kafin ta ajiye, ta haɗa madannin da ita yadda ya kamata. Ta kira teloli ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taɓa ya ce babu. Ta kira matar ɗan Gwaggo a asibiti, ita ma ta ce babu. Aikin da ya kawo ta ya ƙare ke nan, kuma ta yi shi tsakani da Allah.

Saura ban haƙurin. Edita ya rubuta layi uku kamar ana zare masa haƙori, ya zaɓi hoton da ya fi ƙanƙanta. Barkono ta karɓa da hannu biyu. Ta san abin da shi bai sani ba: waya baiwar Allah ce, in saba ta ba ta abu ta ce riƙe wannan, kada ki sake tambayata sai baɗi, to za ta riƙe. Ta sa ban haƙurin a ɗan fayil nasa shi kaɗai, wanda kowane shafi ke kira ya ɗora a samansa, ta rubuta masa wa'adin shekara. Fuskar Gwaggo kawai take gani lokacin da ake danne ta a gado.

Ta sauko ta bi layin teloli shago-shago, ta ce yau Edita ke ba Baba haƙuri, kowa ya buɗe ya gani, ya tura wa na nesa. Teloli kuwa ba a koya musu yaɗa zance. A ranar jaridar ta samu masu karatun da ba ta taɓa samu ba, har Edita na murna.

Gari na wayewa ya goge rubutun, ya buɗe wayarsa, sai ga fuskarsa tana ba da haƙuri. Ya kira kamfanin, suka duba suka ce a saba babu komai, ya share wayarsa. Ya share, abin ya tafi, ya yi ajiyar zuciya. Da ya sauko sayen lemo, mai kantin tayoyi ya ɗaga masa hannu ya ce, "Edita, yau ma mun ga haƙurinka. Allah ya ba da lada." A gidan mai aka faɗa masa haka, a wurin aski aka faɗa masa haka. Ko labarin ƙwallo mutum ya buɗe, ko na farashin taki, Edita ne a sama yana cewa ya yi kuskure. Surukarsa ta kira 'yarta tana tambaya wai me mijinta ya aikata haka da kullum yake neman gafara.

Ya kira Barkono, muryar nan har tana fasa waya.

"Kin ci amanata! Yini ɗaya muka yi da ke!"

"Yini ɗaya na sa, Yallaɓai. Duba sabarka, babu shi. Wayoyin mutane ne suka riƙe."

"To ki zo ki cire!"

"Ina zan bi wayar kowa a garin nan? Aikin kwamfuta ya gaji haka. Ana kirana a ɗaya layin."

Maganin bai fi a sauya wa fayil ɗin suna ba, amma Edita bai san abin da zai ce a yi masa ba, kamfanin kuma a kan sabar da babu komai suke ta dubawa. Watanni aka kwashe kafin wani a cikinsu ya farga.

Abin bai tafi mata a banza ba. Edita ya bi gari yana cewa matar nan tana binne tarko a shafukan mutane, kuma wannan karon ba ƙarya ya yi ba. Wani mai kantin magani da wata mai sayar da atamfofi suka karɓe shafukansu daga hannunta. Mijinta ya ce, "Maman yara, kin rama, amma kin ƙona gefen zanenki." Ta ce zanen nata ne. Baba ne ya fi ba ta mamaki, don ta ɗauka zai yi dariya. Da ta ba shi labarin yadda ta yi, ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Na sha gyara keken mutumin da ya zage ni. Ban taɓa barin noti a kwance don ya ji a jikinsa ba. In ba zan yi ba, sai in ce ba zan yi ba." Ta sunkuyar da kai, don ba ta musu da shi. Amma a ranta ba ta ji ɗigon nadama ba, kuma ko yau aka tambaye ta cewa take rama cuta ga macuci ibada ne.

Da aka sallami Gwaggo, Barkono ta ce ba inda za ta koma, ta kwashe kayan ɗakin baƙi ta sa mata gado kusa da taga. Ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, ta sa mata ƙwallon zare a hannun da ya shanye tana cewa ta matsa. A hankali ƙafar ta fara ɗauka, ana riƙe ta ta kai bakin ƙofa. Maganar ce dai ba ta dawo ba, sai 'yan kalmomi da na gida kaɗai ke ganewa. Aikin shafuka ya ragu, sai ta fara koyar da matan unguwa kwamfuta a falo, abin da ta ce ya fi mata kwanciyar hankali, don su in sun yi kuskure suna cewa a yi haƙuri.

Bayan an daɗe, wata ranar hutu, aka yi sallama. Edita ne, ya rame kaɗan, riƙe da ledar lemo da ayaba. Ya ce matarsa ce ta hana shi sakat, wai sai ya zo ya duba tsohuwa da ƙafarsa. Barkono ta bar shi a tsaye a rana har ta gama shanya kayan yara, sannan ta yi masa iso. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, abin da ba ta taɓa zaton gwiwarsa ta iya ba, ya ce, "Mama, ni ne mai jaridar. Na cuce ki. Ki yafe mini."

Gwaggo ta daɗe tana kallonsa da idonta mai kyau. Ta miƙa hannun hagu, ya yi sauri ya miƙa nasa, yana zaton gaisawa za ta yi. Ta zarce ta kama ledar, ta jawo ta kan cinyarta, ta leƙa ciki. Sannan ta ɗaga yatsa ta nuna masa hanyar waje.

Barkono ta raka shi har bakin titi. Da ta dawo ta tarar Gwaggo na fama da ɓawon lemo da hannu ɗaya. Ta karɓa ta ɓare mata, ta kira yara, aka zauna a bakin gado aka shanye shi tas. Lemon kam yana da zaƙi.